Jan Tabon Da Ke Kan Taswirar Kawu

Bayan babbar sallar da ta wuce, kawuna ya iso gidana a Kaduna daga Saminaka, ta ƙasar Birnin Gwari ba ta Lere ba, da wata takarda naɗe cikin leda. Bai tsaya ya gama shan ruwa ba ya shimfiɗa ta a kan tabarma. Taswira ce mai launi: shuɗi a gefe, kore da rawaya a tsakiya, sai wani jan tabo mai kama da ƙwai a kusurwar arewa. Ya ɗora yatsa a kan tabon ya ce, "Ɗana, kai ka yi karatun duwatsu. Wani mutum ya zo mana da na'ura, ya ce ya auna nauyin ƙasa, nan wurin ya fi ko'ina nauyi, kuma ba abin da ke sa ƙasa nauyi irin zinare. Yana neman waɗanda za su zuba kuɗi a fara haƙa. Ina so in sayar da shanun huɗata biyu. Duba mini."

Na duba. Babu ma'aunin nisa a jikin takardar, babu lamba ko ɗaya da ke cewa ja yana nufin kaza, shuɗi yana nufin kaza, babu ɗigon wuraren da aka ajiye na'urar. Duk da haka ban yi dariya ba, domin mutumin nan ya gina maganarsa a kan abubuwa biyu da suke gaskiya. Akwai zinare a ƙasar Birnin Gwari, kuma akwai ilimin da ake auna nauyin abin da ke ƙarƙashin ƙasa da shi ba tare da an haƙa ba. Inda ya yi ha'inci shi ne wurin ɗaura na farko a wuyan na biyu, kuma wannan ɗaurin nake so in kwance a nan, don na tabbata kawuna ba shi kaɗai aka nuna wa irin wannan takarda ba.

Zinaren yankinmu ba labarin jiya ba ne. Masana duwatsu sun daɗe da sanin wasu dogayen zirin tsofaffin duwatsu masu falle-falle da suka miƙe daga arewa zuwa kudu a yammacin arewacin Nijeriya, har suka raɗa musu sunayen garuruwa: zirin Birnin Gwari, zirin Kushaka, zirin Maru, zirin Anka, zirin Zuru. A cikin tsagogin waɗannan duwatsu ne jijiyoyin farar ƙanƙara suke, kuma a cikin wasu jijiyoyin ne zinare yake. An fara rubuta adadin zinaren da ake haƙa a Nijeriya a 1913, harkar ta bunƙasa a shekarun 1930, ta durƙushe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tsofaffin ramukan Tsohon Birnin Gwari shaida ne. Saboda haka duk wanda ya ce wa manomi akwai zinare a ƙarƙashin dajinsu, ya riga ya sami rabin amincewarsa kafin ya buɗe jaka.

To mene ne wannan awo? Kowane abu mai jiki yana jan ɗan'uwansa, kuma gwargwadon yawan abin da ke cikinsa gwargwadon ƙarfin jan. Shi ya sa mangwaro ke faɗowa ƙasa. Mutanenmu da yawa suna kiran wannan ƙarfi maganaɗisun ƙasa, ni kuwa na fi son in ce jan ƙasa, domin maganaɗisu wani abu ne dabam, ƙarfe yake ja, ba ya jan mangwaro. Jan ƙasa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ana auna shi da gal, sunan da aka ciro daga na Galileo. A tsakiyar duniya yana kusan gal 978, a ƙuryar arewa da ta kudu yana kusan 983. Buhun masara mai kilo 100 da aka rataya a sikelin sifirin a tsakiyar duniya zai ƙara kusan rabin kilo idan aka kai shi ƙuryar arewa, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a ƙara masa ba.

Abin da mai binciken ƙasa yake farauta ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shi da miligal yake aiki, wato kashi ɗaya cikin dubu na gal, wanda ya zo kusan kashi ɗaya cikin miliyan na jan ƙasa gaba ɗaya. Na'urarsa a asali sikeli ce: ɗan ƙaramin nauyi rataye a sifirin mai tsananin laushi, a rufe cikin akwatin da ake tsare zafinsa kada ya canja. In aka ajiye ta a kan dutsen da ya fi na kewaye nauyi, sifirin ya ƙara miƙewa da abin da ido ba ya gani. In aka ajiye ta a kan mai sauƙi, ya ɗan koma. Na'urorin zamani irin su Scintrex CG-5 suna karanta har kashi ɗaya cikin dubu na miligal.

Kalmar nauyi a nan tana bukatar gyara. Duk matar da ta taɓa awo ta san mudun gero ya fi mudun dusa nauyi, ko da yake mudun ɗaya ne. Wannan nauyin mudu shi ne abin da ake nema a duwatsu. Idan mudun ruwa ya zama 1, mudun dutsen giranit, irin na manyan duwatsun da ke tsaye a ƙasarmu, yana tsakanin 2.6 da 2.7, baƙin dutse mai ƙarfe a jiki yana kai wa 3, zinare tsantsa kuwa 19.3. Tun kusan shekara dubu da suka wuce Abu Raihan al-Biruni ya auna nauyin mudun zinare da wata 'yar butar da ya ƙera, yana auna ruwan da ya malalo, kuma ya sami adadin da bai yi nisa da na yau ba. Bambancin aikinsa da namu shi ne zinarensa yana hannunsa. Namu dutsen yana can ƙasa, ba mu gan shi ba, jansa kawai muke ji daga sama, a cakuɗe da jan komai da komai.

Cakuɗewar nan ita ce wahalar aikin. Lambar da na'ura ta nuna ba ta da amfani sai an tankaɗe ta. In ka matsa kilomita ɗaya arewa a yankin Birnin Gwari, jan ƙasa zai ƙaru da kusan miligal 0.3 saboda siffar duniya da juyawarta kawai. In ka hau sama da mita ɗaya, zai ragu da miligal 0.3086 saboda ka yi nisa da cibiyar duniya. Amma tudun da ka hau shi ma dutse ne, yana janka, sai a cire nasa rabon, kusan miligal 0.11 a kowace mita. Wannan gyaran yana ɗauke da sunan Pierre Bouguer, Bafaranshen da ya tafi Kudancin Amurka a 1735 don auna siffar duniya, ya tarar manyan duwatsun can ba sa ja yadda lissafinsa ya zata. Wata da rana ma suna da hannu: jansu yana motsa karatun da abin da ya kai miligal 0.3 a cikin yini. Sifirin kansa yana gajiya yana saki, don haka dole mai awo ya riƙa komawa inda ya fara bayan kowace awa ɗaya ko biyu ya sake karantawa. Abin da ya rage bayan duk wannan tankaɗe shi ne tsakin da ake nema, wato bambancin da duwatsun ƙasa suka jawo.

Na san zafin wannan a jikina. Muna ɗalibai, an tura mu awo a wani fili, ni ke riƙe da littafin tsayin wurare. Da muka zana sakamakon sai ga wani kyakkyawan tudu a tsakiyar layin, muka kwana muna gardamar ko wane irin dutse ne. Washegari malaminmu ya karɓi littafin, ya bi shi da yatsa, ya tsaya a shafi na uku. Na rubuta tsayin tashoshi huɗu da ƙarin mita biyu. Dutsen da muka kwana muna yi wa suna bai taɓa wanzuwa ba sai a bakin alƙalamina.

Ga lissafin da ya sa kuskure irin nawa yake da haɗari. A ɗauka akwai curin dutse mai siffar ƙwallo, faɗinsa mita 100, cibiyarsa tana zurfin mita 100, nauyin mudunsa ya ɗara na kewaye da 0.3. Rarar nauyin da ke cikinsa ta kai tan 157,000. Duk wannan abin da zai ƙara wa na'urar da ke tsaye daidai kansa kusan miligal 0.1 ne kawai. Kuskuren rabin mita a tsayin wurin ya isa ya haɗiye shi, ko ya haifi irinsa inda babu komai. Na tambayi kawu ko mutumin ya zo da abin auna tsayi, ko ya riƙa komawa wata tasha guda. Ya ce ya dai ga yana yawo da abin a rataye a kafaɗa, yana ƙara. Ma'aunin jan ƙasa ba ya ƙara, kuma ba a karanta shi ana tafiya. Ajiye shi ake yi, a daidaita ƙafafunsa, a jira ya nutsu, ko takun mutum kusa da shi yana dama shi.

Akwai wani abu a gyaran Bouguer da yake burge ni har yau. Kafin ka cire rabon tudu sai ka san nauyin mudun tudun, alhali nauyin mudun ne ka fito nema. An saba ɗaukar 2.67 a matsayin matsakaici, amma ƙasar da ruwa ya cinye samanta, ga jan marmara ga ruɓaɓɓen dutse, ba ta kai haka ba. A 1939 L. L. Nettleton ya kawo dabara mai sauƙi: a yi awo a layi a tsallake wani tudu, a sake lissafin da adadi dabam-dabam, 2.2, 2.4, 2.6, har sama. In adadin ya yi kaɗan, zanen zai kwaikwayi tudun. In ya yi yawa, zai zama kwari a inda tudun yake. Wanda ya bar zanen bai san da tudun ba, shi ne nauyin mudun tudun. Ka auna dutse ke nan ba ka fasa shi ba. Sai dai dabarar tana aiki ne idan tudun bai zauna a kan wani baƙon dutse ba, kuma sau da yawa dalilin da ya sa tudu ya zama tudu shi ne dutsensa ya bambanta da na kewaye.

Daga nan ake shiga kwamfuta. Hanya ta farko ita ce ka ƙaddara siffar abin da ke ƙasa, ka lissafa jan da zai bayar, ka gwada da abin da ka auna, ka yi ta gyara har su dace. Ta biyu bin sawu ce: a yanka ƙarƙashin ƙasa zuwa dubban tubala a cikin kwamfuta, a ce mata ta ba kowane tubali nauyin mudu yadda jimillar jansu za ta yi daidai da awon. A nan ne ake samo kyawawan hotunan nan masu ja da shuɗi, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya riƙe wuya.

Amsar ba ɗaya ba ce, kuma ba don kwamfutar ta gaza ba. Tun zamanin Isaac Newton aka tabbatar cewa ƙwallo yana jan abin da ke wajensa kamar duk nauyinsa ya taru a cibiyarsa. Curin nan namu mai faɗin mita 100 da rarar 0.3, da wani mai faɗin mita 80 da rarar da ta kusa ninka wannan, in cibiyarsu ɗaya ce, za su ba da karatu iri ɗaya a kowace tasha, ko da na'urar ba ta kuskure ko kaɗan. Haka kuma siririn shimfiɗaɗɗen dutse kusa da sama yana iya kwaikwayon curi mai zurfi. Kamar a ɗora maka ƙullin kaya a ka cikin duhu ne a ce ka faɗi abin da ke ciki: nauyin za ka iya faɗa, amma ko gishiri ne ko kanwa sai an kunce. Abin da awon ke iya tabbatarwa shi ne jimillar rarar nauyin, in an auna fili mai faɗi, da kuma iyakar zurfin da abin ba zai wuce ba. Sauran duk zaɓi ne. In aka bar kwamfuta da kanta, takan tara nauyin duka kusa da sama, shi ya sa a 1998 Yaoguo Li da Douglas Oldenburg na Jami'ar British Columbia a Kanada suka fito da hanyar da ke tilasta mata ta ba tubalan ƙasa haƙƙinsu. Hanya ce mai kyau, amma ita ma hukunci ne na ɗan Adam aka sa a cikin lissafin. Mai gaskiya a wannan sana'a yakan faɗi hukuncin da ya sa, ya kawo samfuran duwatsun da ya auna a ruwa da a iska, ya haɗa da awon maganaɗisu da taswirar duwatsun da suka fito fili, kuma ya ce wannan ita ce siffa ɗaya daga cikin masu yiwuwa.

Yanzu mu zo kan zinaren kansa, inda maganar mutumin kawu ta rushe gaba ɗaya. Zinare yana da nauyi, amma ba a dunƙule yake a ƙasa ba. Dutsen da ke ɗauke da giram 5 a kowane tan ana lissafa shi cikin masu kyau, kamfanoni da yawa a duniya suna cin riba da abin da bai kai haka ba. Giram 5 cikin giram miliyan ɗaya zai ɗaga nauyin mudun farar ƙanƙara daga 2.65 zuwa 2.65001. Babu na'urar da za ta ji wannan daga sama. Ƙari a kan haka, jijiyar ƙanƙarar ba ta fi dutsen da ya kewaye ta nauyi ba, sau da yawa ma ta fi shi sauƙi, kuma faɗinta bai fi taku ɗaya ko biyu ba. Ko da taswirar kawu ta gaske ce, jan tabon zai fi yiwuwa baƙin dutse ne da ba ya da ko ƙwayar zinare.

Kada a ɗauka ina cewa ilimin ba shi da amfani. Da irin wannan awo aka gano curin gishirin Nash a Texas a 1924, aka kuma sami mai a gefensa, domin nauyin mudun curin ya bambanta da na duwatsun kewaye kuma curin babba ne. A nan gida, Farfesa Deborah Ajakaiye, wadda ta yi digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1970, ta auna jan ƙasa a duwatsun Ririwai na jihar Kano da na tsaunin Jos, ta nuna yadda jan ke raguwa a kan duwatsun giranit masu ɗauke da kuza, ta kuma lissafa yadda jikinsu ya nutsa ƙasa. Ba kuzar ta gani ba, gidan kuzar ta zana. Haka abin zai kasance a Birnin Gwari: awon zai iya nuna inda zirin dutse mai falle-falle ya ƙare giranit ya fara, da inda manyan tsagogi suka bi, da kaurin zirin. Wannan yana rage dajin da za a bincika daga ɗaruruwan kilomita zuwa kaɗan. Daga nan sai ɗibar ƙasa a kai ɗakin gwaji, sai injin huda ya fito da sandar dutse a auna zinaren da ke ciki. Babu gajeriyar hanyar da ta tsallake hudar nan.

Abin da ya fi damuna ba shanun kawu ba ne kaɗai. Ramin da aka haƙa bisa ƙarya yana rufta wa mutum kamar wanda aka haƙa bisa gaskiya. Kuma mun ga abin da haƙa cikin jahilci ya jawo: a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, a 2015 ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyarmu. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara tana mai danganta shi da 'yan bindiga. Mu da muka shafe shekaru ba ma iya bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari sai da rakiya ba ma bukatar a yi mana bayanin abin da jita-jitar zinare ke jawowa gari.

Rashin tsaron nan ma yana cikin dalilan da suka bar fili ga masu jan tabo. Awo na gaske yana son mutum ya yi makonni yana taku a daji, yana komawa tasha guda sau da yawa a yini. Wa zai yi haka a gefen dajin Kamuku a shekarun da suka gabata? Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 mutane suka fara komawa gonaki, baƙi ma suka fara shigowa, na kirki da na banza.

Gwamnati tana da abin da za ta iya yi ba tare da ta sayi ko na'ura ɗaya ba. Tsakanin 2003 da 2010 an yi shawagi da jirage a kan mafi yawan ƙasar nan ana auna maganaɗisu da tururin duwatsu, a layuka masu tazarar mita 500, kuma bayanan suna hannun Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wadda asalinta ya koma 1919 kuma ta daɗe da gindin zama a Kaduna. Kamfanoni da ɗaliban jami'a suna amfani da su. Manomin da ke zaune a kan dutsen bai taɓa ganin su ba. Kundin tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce ma'adinai mallakar Tarayya ne, na yarda, amma hakan bai hana a fassara taswirar kowace ƙaramar hukuma da Hausa a liƙa a sakatariya da fadar hakimi ba, tare da bayanin abin da ta nuna da abin da ba za ta iya nunawa ba. Haka kuma ya kamata masarauta ta nemi duk wanda ya zo da na'ura ya nuna lasisinsa na bincike kafin ya tara jama'a.

Na rubuta wa kawu tambayoyi a bayan takardar ya kai wa mutumin: me na'urar ke aunawa, da wane ma'auni, ina lambobin kowace tasha da tsayinta, wane nauyin mudu ya sa a lissafinsa, a ina ya samo shi, ina sakamakon gwajin dutse. Ya karɓa, ya naɗe, ya ce, "Ɗana, na ji bayaninka, amma wanda ya samu a bara bai tambayi kowa lamba ba." Ban sami abin ce masa ba, domin na san wanda yake nufi, kuma gaskiya ne ya samu.

Mako uku bayan nan ya kira ni. Mutumin ya karanta tambayoyin, ya ce sirrin kamfani ne, bai sake dawowa Saminaka ba. Sai dai kafin kawu ya koma gida da takardar, wasu sun riga sun biya, kuma shi ma ashe ya ba da kafin alƙalami da kuɗin sa ɗaya tun kafin ya zo wurina. Da ɗayan san da na maƙwabcinsa suka haɗa suka yi huɗar bana. Ramin da aka fara a kan jan tabon ya kai tsayin mutum uku, ya cika da ruwan damina, kuma kawu ya ce ya sa an kewaye shi da ƙaya saboda yara.